Daga «ɗaki» zuwa «fitila»: tarihin sunayen talamus da rawarsa a cikin gani

A Hausa gani daban, kallo daban, lura kuma daban. Mutum yakan ƙura wa abu ido, a tambaye shi, ya ce bai lura ba. A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi tarihin wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke da hannu a wannan bambanci, wato talamus, kuma za mu nuna cewa sunayen da aka yi ta laƙaba masa sun yi tasiri a kan tambayoyin da masu bincike suka yi, da waɗanda suka daɗe ba su yi ba.

Talamus gungu biyu ne na ƙwayoyin jijiya, kowane da siffar ƙwai, a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta ɗakin ciki ko ɗakin amarya, kuma ana danganta ta da Jalinus, likitan ƙarni na 2. Thomas Willis ya yi amfani da ita a littafinsa na 1664, yana ɗaukar wurin a matsayin makwancin jijiyoyin ido. Daga nan ne Faransanci ya samo couche optique, sunan da ya zauna a littattafan likitanci har cikin ƙarni na 20. Tun fil azal ke nan sunan ya ɗaure sashen da gani, amma a matsayin wurin kwanciya, wurin da ba a aikata komai.

A 1865 likitan Faris Jules Luys ya raba shi gida huɗu: na shaƙa, na gani, na taɓi, da na ji. Ya yi kuskure a kan shaƙa, domin ita ce kaɗai ke isa ɓawon ƙwaƙwalwa ba tare da ta fara bi ta talamus ba, amma tunaninsa ya kama. A shekarun 1880 Constantin von Monakow ya nuna cewa in aka lalata ɓawon ƙwaƙwalwa na ƙeya, wani ɗan gungu na talamus mai kama da gwiwa yakan shanye. Aka gane hanya: daga ido zuwa gungun gwiwa, daga nan zuwa ƙeya. Ɗaki ya koma zango, inda saƙo ke yada sanda ya wuce.

A ganinmu wannan kalma ta zango ta jinkirta bincike. Wane ne zai ɓata shekarunsa a kan zango alhali ga birni? Ayyukan Hubel da Wiesel tun daga 1959, waɗanda suka kai su ga lambar Nobel a 1981, sun ƙara jawo hankali zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa. Sai dai ƙidaya ba ta yarda da siffar zango ba. A cikin mahaɗan jijiya da ke gungun gwiwa, waɗanda suka zo daga ido ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba; sauran suna zuwa ne daga ɓawon ƙwaƙwalwa da kansa, da tushen ƙwaƙwalwa, da maƙwabtan ƙwayoyi masu danne saƙo. Wato wanda ake kai wa saƙon ya fi mai aiko shi yawan magana a wurin. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, wataƙila da zaure ya ce, tun da a can ne maigida ke zaɓen baƙon da zai shigo.

Francis Crick, wanda ya shahara a kan DNA, shi ne ya sake siffar a 1984. Ya ce wani siririn mayafi na ƙwayoyi da ya lulluɓe talamus, mai kama da raga, yana aiki kamar fitilar da ake haskawa nan a bar can, kuma wannan shi ne maida hankali. Hasashe ne kawai, kuma sai da aka daɗe kafin a gwada shi kai tsaye. A 2008 McAlonan, Cavanaugh da Wurtz sun auna ƙwayoyin birai a Amurka: in biri ya maida hankali ga wani wuri, ƙwayoyin gungun gwiwa masu kula da wurin sukan ƙara aiki, na ragar kuwa su rage. Tun 2002 ma ƙungiyar Sabine Kastner ta ga alamar haka a jikin mutane ta hoton ƙwaƙwalwa, kuma a 2012 ta nuna cewa pulbinar, wato «matashin kai» a Latinanci, yana daidaita bugun sassan ɓawon ƙwaƙwalwa lokacin lura.

Maganar farga ta fi nauyi, domin ta shafi marasa lafiya. Karen Ann Quinlan ta suma a 1975, ta rayu shekara 10 tana buɗe ido ba ta san kowa ba. Rahoton binciken gawarta, wanda ya fito a 1994, ya nuna ɓarnar ta fi tsanani a talamus. A 2007 Nicholas Schiff da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa sun dasa wayoyin lantarki a tsakiyar talamus ɗin wani mutum da ya yi shekara 6 a gushewar hankali, har ya soma furta kalmomi da cin abinci da baki. Mutum ɗaya ne, kuma bai kamata a gina alkawari a kansa ba.

A nan sai mu raba abu biyu da kalmar farga ke haɗawa: kasancewa a farke, da sanin abin da ake gani. Hujjojin Quinlan da Schiff na farkon suka shafa. A kan na biyun akwai gwaje-gwaje biyu na 2005: aka nuna wa kowane ido hoto daban, sai aka tarar aikin gungun gwiwa yana hawa da sauka daidai da hoton da mutumin ya ce yana gani a lokacin. Masu bincike sun rabu a kan fassarar: wasu na ganin a talamus ake yin zaɓen, wasu na ganin hukuncin ɓawon ƙwaƙwalwa ne ke dawowa ta waɗancan jijiyoyi masu yawa da muka ambata.