Bindiga da Abin da Ake Ɗura Mata: Tarihin Harsashi a Ƙasar Kano

Mai karatu, duk wanda ya taɓa zama da maharban ƙauyukan ƙasar Wudil, irin su Ɗankaza, ya san ba su cika yabon bindiga ita kaɗai ba. Abin da suke tambaya shi ne me aka ɗura mata. Bindiga sau ɗaya ake sayenta, har jika ya gāda, amma harsashi kullum sai an nemi sabo, kuma a nan ne tarihin wannan makami ya daɗe yana ɗingishi a ƙasar Hausa.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya kawo Turkawa masu harbi suka koya wa bayinsa, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) aka shigo da bindigogi daga Nufe, sa'an nan Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A lura, a wancan zamani 'yan bindiga sunan daraja ne na bayin sarki, ba ma'anar da kalmar ta ɗauka a bakin mutane yanzu ba.

To, me ya sa duk da wannan daɗewa, doki da mashi da baka suka ci gaba da mulkin fagen fama har ƙarshen ƙarni na 19? Amsar tana cikin bututun bindigar. Irin wadda fatake ke kawowa daga bakin teku ta baki ake ɗura ta, cikinta kuma sumul yake. Harsashin da ya dace da ita shi ne dunƙulen dalma da aka zuba daidai faɗin bakinta. Dalma kuwa tsada gare ta, don haka sai maƙeri ya sassare ƙarfe guntu-guntu, ya ƙwanƙwasa shi a kan uwar maƙera har ya ɗan yi mulmule. Wanda bai samu wannan ba ya ɗura tsakuwa. Irin wannan harsashi ba ya cika bakin bindiga, ƙarfin albarushi sai ya zurare ta gefensa, shi kuma ya fita yana karo da bango, ya tafi inda ya ga dama. Ga shi yana kankare cikin bututun har wata rana ya fashe a hannun mai shi. Ba banza ba aka yi wa irin wannan bindiga laƙabi da harba-ka-ruga.

Maharban giwa sun samo tasu dabarar, wato sango, ɗan gajeren mashi mai dafi da ake cusawa a bakin bindiga a harba. Daga nan ne Sarkin Kano Alu (1894-1903) ya sami kirarinsa na Mai Sango. Shi ne ya jagoranci Yusufawa, waɗanda suka yi sansani a Takai, kudu maso gabas da Wudil, a yaƙin Basasa da ya ɓarke a 1893.

Masarautar da ta fi kowa gane bakin zaren ita ce Damagaram. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga sayen bindigogi daga Tarabulus ba, sai da ya sa ana yin albarushi da harsasai, har da zubin igwa, a cikin birnin Zinder. Wannan gado ne ya ba Ahmadu Kuren Daga ƙarfin halin kawo wa Kano yaƙi a zamanin Alu.

Amma a lokacin Turai ta riga ta yi nisa. A 1849 wani hafsan Faransa mai suna Minié ya fito da harsashin dalma mai rami a gindi, wanda ke shiga bututu cikin sauƙi, in an harba kuma ya buɗe ya kama zanen da aka yi a ciki, ya fita yana juyawa kamar mazari. Bayansa harsashi mai kwanso ya yaɗu. Sa'an nan a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Barasal, suka hana sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka sababbin bindigogi, suka bar musu tsofaffin masu ƙanƙara. Ko sarkin da ya sami sabuwar ta ɓarauniyar hanya, in harsashinta ya ƙare ta zama sanda, don maƙerinsa ba shi da injin ƙera kwanso. Da haka rundunar Kanar Molan ta sami Kano ran 3 ga Fabrairu 1903.

Abin sha'awa, wannan tsohuwar matsala ta dacewar harsashi da bututu ba ta mutu ba. A Amurka akwai masu zuba harsashin dalma a gida don nishaɗi. Sukan lulluɓe shi da wani garin fenti na roba don kada dalma ta manne a bututu, sa'an nan su tura shi ta wani ramin ƙarfe da ke daidaita faɗinsa har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na inci. Abin da maƙerin Kano ya nema da ido da masaba, su suna samunsa da ma'auni. Fentin kuma yana rage taɓa dalma da hannu, illar da mu ma muka san ɗacinta, tun da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, ko da yake wajen daka dutsen zinariya ne ba wajen zubi ba.

'Yan'uwa marubuta sukan sa maharbin zamanin Alu ya yi harbi uku a jere, alhali kowane harbi sai ya tsaya ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ɗuri. Su kuwa 'yan bindigar sarki da ke girgiza gari ranar Hawan Daushe, albarushi zalla suke ɗurawa, ba harsashi a ciki.