Daga Gaskiya zuwa Jami'a

A lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin shekarar 1939, da yake babu makarantar koyon aikin jarida a ƙasar nan, sai Malam Abubakar Imam, wanda asalinsa malamin makaranta ne a Katsina, ya koyi sana'ar a bakin aiki, yana rubutu, yana duba kurakuran ɗab'i, har alƙalaminsa ya zama abin koyi. Sai a 1961 Jami'ar Nsukka ta mayar da wannan fanni ilmi mai zaman kansa, daga bisani Jami'ar Bayero ta bi sahu. Ɗalibanmu na yanzu, ku nemi tsofaffin kofen Gaskiya ku nazarce su.