Hanyoyi masu sauƙin kuɗi na ɗaga motar daji domin saka manyan tayoyi

Daga hamadar Agadez zuwa gabashin Chadi da yankin Darfur, har zuwa tuddan rairayin Saudiyya, motocin da ake dogaro da su kusan iri ɗaya ne: Toyota Land Cruiser da Hilux da Nissan Patrol. Masu irin waɗannan motoci kan so a ƙara musu tsayi domin su daina gogar ƙasa. Sai dai akwai abin da da yawa ba sa lura da shi sai bayan sun kashe kuɗi. A motar da ke da aksil ɗin gangariya, wato sanda guda da ta haɗa tayoyin hagu da na dama, ɗaga motar ba ya ɗaga tulun giyar da ke tsakiya, wanda bakanikai ke kira difarenshal, kuma shi ne ya fi kusa da ƙasa. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Amfanin ɗagawar shi ne samar wa babbar taya wurin juyawa.

Ribar ma ba ta kai yadda ake zato ba. Idan aka cire taya mai inci 31 aka saka mai inci 33, tsayin da aka samu inci ɗaya ne kacal, domin rabin ƙarin ne ke ƙarƙashin aksil. Saboda haka tambayar farko ita ce wace taya ake so, sannan a nemi mafi ƙarancin ɗagawar da za ta ɗauke ta. Hilux da ta zo da taya 265/65R17 galibi tana karɓar 265/70R17 ba tare da wani babban gyara ba, amma 285/70R17 kan buƙaci ɗagawa da kuma rage robar da ke cikin mazaunin taya.

Zobe da toshiya

Hanya mafi arha ita ce saka zoben ƙarfe ko na roba mai tauri a saman sifirin mai naɗi. A Amurka, inda wannan kasuwa ta fi bunƙasa, irin wannan kaya galibi ba ya kai dala 300, alhali cikakken sauyin sifirin da shokabzoba kan haura dala 1,000. Zoben yana ba da inci ɗaya zuwa biyu, amma ba ya ƙara wa motar ƙarfin ɗaukar kaya, kuma ba ya gyara sifirin da ya riga ya gaji.

Hanya ta biyu ita ce ɗaga bodi kaɗai, ta hanyar saka toshiya tsakaninsa da shasi tare da dogayen kusoshi. Wannan yana yiwuwa ne kawai a motar da bodinta da shasinta suke a rarrabe. Fa'idarsa ita ce injin da giya da sifirin duk suna nan inda kamfani ya ajiye su, don haka tuƙin bai cika sauyawa ba. Wahalarsa tana wajen aiki: sandar sitiyari da lagireto da bututun mai da bamba duk sai an duba su, wasu sai an ƙara musu tsayi.

Tsofaffin motoci

Wasu Hilux masu fowil da aka ƙera kafin 2005, da Land Cruiser 100, da tsohuwar Mitsubishi Pajero, suna amfani da sandar murɗa a gaba maimakon sifirin mai naɗi. A nan ana iya ɗaga gaban motar da sifana kawai, ta hanyar ƙara ɗaure kusar da ke riƙe sandar. Kyauta ce, shi ya sa ake yawan wuce gona da iri. Duk abin da aka ƙara a tsayi an rage shi ne daga damar da taya ke da ita ta sauka cikin rami, sai motar ta riƙa dukan mai ita a hanya mai gargada.

A baya kuwa, inda sifirin mai falle-falle yake, kamar a Hilux da Land Cruiser 79, ana iya ƙara falle ɗaya, ko a saka marataya mai tsayi, ko a sa tubalin ƙarfe tsakanin sifirin da aksil idan sifirin yana samansa. Ga motar da ke ɗaukar buhuna da jarkokin ruwa, ƙarin fallen ya fi ma'ana, domin shi ne kaɗai a cikin ukun ke ƙara ƙarfi. Ɗora tubali kan tubali, ko saka shi a aksil ɗin gaba, ganganci ne da kan sa aksil ya goce lokacin taka birki.

Inda arha ke ƙarewa

Iyakar da masu wannan sana'a suka fi amincewa da ita ita ce inci biyu, kimanin milimita 50. Da zarar an wuce nan, a motar da kowace tayar gaba ke motsi ita kaɗai, shaf ɗin da ke juya tayoyin yakan karkace fiye da ƙima, robarsa ta yage, yashi ya shiga. A mai aksil ɗin gangariya kuma sitiyari kan fara yawo, tiyon birki ya miƙe. Gyaran waɗannan kan ninka kuɗin ɗagawar kanta. Ban da ɗaga bodi kaɗai, kowace hanya aka bi, dole a sake saitin tayoyin gaba.

Babbar taya tana zuwa da nata lissafin. Tana ƙara shan mai, tana rage ƙarfin tashi, tana tsawaita tazarar tsayawa. Ma'aunin gudu ma yakan yi ƙarya: bayan sauyi daga inci 31 zuwa 33, idan ya nuna kilomita 100, motar tana gudun kusan 106 ne. Mafi haɗari shi ne nauyin da ya koma sama, musamman a motar da ake loda wa kaya da fasinjoji har kan rufi, domin tana saurin kifewa a kwana ko a gefen tudun rairayi.

Dokoki sun bambanta. A Jamus sai hukumar binciken motoci irin su TÜV ta amince da sauyin. A Birtaniya wajibi ne a sanar da kamfanin inshora, in ba haka ba yana iya ƙin biyan diyya bayan haɗari. A Amurka kowace jiha da nata ƙa'idar, yawanci kan tsayin bamba da fitilu, yayin da dokar hanya a Saudiyya ta ɗauki sauya bodi ko shasi ba tare da izini ba a matsayin laifi mai tara.