Dawa, Gayya da Randa: Tarihin Abin Shan Gona a Kudancin Sakkwato

A ƙauyen Tourpes da ke lardin Hainaut na ƙasar Beljiyam akwai wani gidan gona da aka fara dafa giya a cikinsa tun 1844, wanda iyalin Dupont suka saya a 1920 kuma suke riƙe da shi har yau. Masu yawon buɗe ido kan niƙa gari daga Amurka da sauran ƙasashe don su zauna a mashayarsa su ɗanɗana abin da ake kira saison. Asalin wannan abin sha ba na 'yan gayu ba ne. Manoman yankin kan dafa shi da sanyin hunturu, su adana shi har lokacin zafi, su shayar da 'yan ƙwadagon da ke zuwa girbi, wato 'yan ci-ranin Turai na wancan zamani. 'Yan kasuwa sun ƙara wa labarin gishiri daga baya, amma tushensa gaskiya ne: abin sha ne na ladan aiki.

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya yi kudu, ya wuce Boɗinga da Shagari ya isa Tambuwal, ko ya karkata zuwa Kebbe ta gefen Gulbin Zamfara, ba zai ga wuri irin wannan ba, kuma dokar jiha ba za ta bari a buɗe shi ba. Sai dai tambayar da ta haifi giyar manoman Beljiyam an yi ta a nan ma, shekara da shekaru: yaya manomin da ke da hatsi a rumbu amma ba shi da kuɗi a aljihu zai tara hannaye da yawa a cikin 'yan kwanakin da ciyawa ba ta jiran kowa? An daɗe a ƙasar Hausa ana samun ɗaya daga cikin amsoshin a cikin randa.

Kalmar giya tsohuwa ce a bakin Bahaushe, kuma ma'anarta ta farko ita ce abin sha na hatsi, tun kafin kwalba ta iso. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke kewaye da Barbushe a gindin Dala tare da sana'o'insu, kuma a cikinsu akwai Bugazau mai dafa giya, a jere ɗaya da maƙeri da mai magani. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan karkarar Kano a ƙarshen shekarun 1930, da Guy Nicolas da ya yi nazarin Arnan kwarin Maraɗi, duk sun tarar da giya a tsakiyar rayuwar waɗannan Hausawa da ba su musulunta ba: a wurin aure, a wurin makoki, a wurin tsafi, a kuma gona.

Yadda ake yin ta ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan ne sirrin tarihin yake. Ana jiƙa dawa ta kwana, a tsame ta a shimfiɗa a lulluɓe, ana yayyafa mata ruwa kwana huɗu ko biyar har ta fito da tsiro. Ƙwayar da ta tsiro ta ɗauka damina ce ta zo, don haka sai ta saki sinadaran da ke narkar da garin cikinta su mayar da shi sukari domin ciyar da sabon tsiro. Mai dafawa kan katse wannan aiki a tsakiya: ta shanya tsiron a rana, ta niƙa, ta dama da ruwa, ta dafa a manyan tukwane. Sai a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake tafasawa, a tace, a juye a randa tare da ɗan ragowar dahuwar baya, wanda ke ɗauke da yis. Bayan kwana ɗaya ko biyu randa ta fara kumfa, yis ya cinye sukarin ya bar abin da ke bugarwa. Aikin kan ci kusan mako guda, da itace mai yawa, da ruwa mai yawa, kuma kusan ko'ina a Afirka ta Yamma aikin mata ne, ko sunansa burkutu ko pito a Nijeriya da Gana, ko dolo a Burkina Faso, ko bilbil a arewacin Kamaru.

Bambanci ɗaya ya raba ta da ta Beljiyam. Turawa na zuba wani fure mai ɗaci da ke hana giya lalacewa, ga kuma sanyin ɗakin ƙasa, shi ya sa tasu ke yin watanni. Burkutu ba ta da wannan kariya. A zafin ƙasar Sakkwato kwana biyu ko uku sun isa ta koma ruwan tsami. Abin da ba ya ajiyuwa ba a yi masa sito, ba a kuma ɗora shi a kan jaki zuwa kasuwa mai nisa. Dole a shanye shi a rana ɗaya, a wuri ɗaya, da mutane da yawa. Wato ita kanta halittar abin shan ce ta ɗaure shi da taro, kuma babu taron da ya fi dacewa da shi kamar gayya. Mai gandu ya fitar da damman dawa daga rumbu, matan gida su mayar da su tuwo da giya, samarin ƙauye su zo da garmuna, kafin la'asar an gama huɗar da za ta ci mutum ɗaya wata guda. Hatsin bara ya sayi noman bana ba tare da ko wuri ɗaya ya canza hannu ba.

Jihadin 1804 ya zo da wata fahimta dabam game da randar. A cikin Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jera halayen mulkin sarakunan Haɓe, ya ambaci cinsu da shansu abin da suka ga dama ba tare da duba halal ko haram ba. Hukuncin kuwa ba sabo ba ne ga malaman Malikiyya. Tun zamanin Manzon Allah (SAW) Abu Musal Ash'ari ya yi tambaya game da wani abin sha na hatsi da mutanen Yaman ke kira mizru, aka haɗa shi da duk wani mai bugarwa a cikin haramci. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure ya sani, ta ajiye haddin bulala 80. Babu ƙofar da za a ce giyar dawa abinci ce kawai.

Tambuwal na cikin garuruwan da suka zama ginshiƙin sabon tsarin. Ribaɗi ce, wato garin tsaron iyaka, kuma Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zauna a cikinta yana fuskantar Kabawan da suka ƙi miƙa wuya. Ribaɗi a manufar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba sansanin yaƙi kaɗai ba ce. Wuri ne na zaunar da makiyaya, da buɗe gonaki, da kafa masallaci da makaranta da kasuwa, inda rayuwar yau da kullum za ta bi Shari'a. Amma daular ba ta bi ƙauye-ƙauye tana fasa randuna ba, kamar yadda wasu ke zato. Manoman da ba Musulmi ba, waɗanda suka yarda da biyan jiziya, an ba su amana, har ma masana da yawa na ganin sunan Maguzawa ya samo asali ne daga Majusu, mutanen da fiƙihu ya yarda a karɓi jiziyarsu. Abin da ya faru shi ne giya ta tashi daga abin sha ta koma shinge. Wanda ke sha yana wancan gefe, wanda ya bari ya tsallako. Murray Last, da ya zauna da Maguzawa a kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya nuna yadda musulunta ke tafiya tare da sauyin tattalin arziki: mutumin da ya shiga fatauci yana bukatar amincewar abokan ciniki Musulmi, kuma rarar hatsinsa ta fi masa amfani a kasuwa fiye da a tukunya.

Gayya ba ta mutu da wannan sauyi ba, abin da ke cikin ƙwaryar ne ya canza. Fura da nono, kunu, tuwo da miya mai nama, da gangar noma da ke zuga samari da kirari, su suka ɗauki nauyin. Ga kuma goro. Hanyar fataken Gwanja ta bi ta wannan yanki, kuma Jega, wadda wani Buharin dabam ya kafa, wato ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙarni na 19. Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 kan fataucin goro yadda bukatarsa ta bunƙasa a daular da ta haramta giya. Goro na hana barci, yana danne yunwa, ana raba shi a ɗaurin aure da suna da sulhu. Kusan duk aikin zumunci da ƙoƙon giya ke yi ya koma kansa, tare da ƙarin cewa shi yana jure tafiyar watanni a cikin ganye.

Ilimin tsiro ma bai ɓace ba, ya dai tsaya a rabin hanya. Matar da ke dama kunun zaƙi irin na dā, ta zuba niƙaƙƙen tsiro ko dankali a cikin ƙullu mai zafi ta bar shi ya kwana, tana amfani da sinadaran nan guda da ke mayar da gari sukari. Zaƙin da ke cikin sunan daga nan yake, tun kafin sukarin kanti ya yi araha. Tsakanin kunu da burkutu akwai 'yan kwanaki da kuma niyya, kuma duk mai sayar da kunu ta san ranar da ya kamata ta zubar da ragowar.

Kudu da Kebbe, bayan an haye Gulbin Zamfara aka nufi ƙasar Zuru, tsohon tsarin ya daɗe da ransa. A wurin Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, saurayi kan shiga golmo, ya yi wa surukinsa noma tare da tsararrakinsa har shekara bakwai kafin a ba shi mata, kuma giyar dawa na cikin al'adun aikin gona da na bikin Uhola. Tazarar da ke tsakanin ribaɗin Buhari da gonakin golmo tafiyar 'yan kwanaki ce a ƙasa. Dawa iri ɗaya ake shukawa a duka biyun.

Turawa sun tarar da wannan shinge suka ɗora nasu a kai. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su riga sun saba da ita ba, kuma Gwamna Lugga, wanda dakarunsa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya sanya Arewa a cikin yankin haramci. Dokar barasa ta 1917 ta raba Nijeriya zuwa yankunan hani da na lasisi da na taƙaitawa. A nan akwai abin dariya mai ɗaci: kuɗin fiton jin da ake sauke wa a tashar Legas na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin mulkin mallaka, ita kuma Arewa da aka hana wa sha tana cin tallafi daga wannan baitulmali. Masanin tarihi Simon Heap ya nuna yadda jirgin ƙasa da unguwannin Sabon Gari da barikin soja suka yi wa hanin ɓaraka ta ko'ina. Daga nan ne burkutu ta sake sauya matsayi. Ta bar gona ta shiga bariki, ta zama hajar sayarwa da kuɗi, sunanta ya haɗu da karuwanci da caca a tunanin Bahaushen birni. Dokar Final Kot ta 1959 ta Jihar Arewa ta tabbatar da rabon a rubuce, inda sashe na 403 ya mayar da shan giya laifi ga Musulmi kaɗai.

Sai kuma 1988, shekarar da tarihin ya yi wata juyawa da ba a cika tunawa da ita ba. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, Guinness kuma ta kafa tata a Ikeja a farkon shekarun 1960, dukkansu da tsiron sha'ir da ake kawowa daga Turai. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shi a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu, sai kamfanonin suka koma ga dawa, har da irin SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. Injiniyoyi masu digiri suka zauna suna warware matsalolin tsirar da dawa waɗanda matan karkara suka daɗe da sanin kansu. Tun daga lokacin dillalan kamfanoni ke cikin masu sayen dawar Arewa, kuma manomin da ya kai buhunsa kasuwa ba shi da hanyar sanin ko tuwo zai zama, ko abincin kaji, ko kwalba. Maltina, wadda ta fito a 1976, da Malta Guinness da ta biyo baya a 1990, ruwan tsiro ne da aka hana yis taɓawa. Su ake jerawa a gaban manyan baƙi a walimar aure a Tambuwal, daga masana'antun da ke yin ɗayar.

Jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da dokokin Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, sayar da giya ya koma bayan katangar barikoki da ke ƙarƙashin ikon tarayya. Tun daga nan muhawarar ta fi karkata ga kuɗi: ko ya dace jihar da ke fasa kwalabe ta karɓi kaso daga harajin VAT da aka tara a kansu, tambayar da ta sake zafi bayan hukuncin babbar kotun tarayya ta Fatakwal a watan Agustan 2021. Muhawara ce ta gwamnoni da lauyoyi, kuma ta bar gona a baya.

A gonar kuwa gayya ta ja baya, ƙwadagon kuɗi ya maye gurbinta. Ɗan ƙwadago ana biyansa ne gwargwadon kunyoyin da ya gama, ba ganga, ba taron tsara, ba matan gida da ke auna abin da kowa ya sha. Abin da wasu ke nema don jure rana yanzu ƙwaya ce ƙarama da ke shiga aljihu, ba ta wari, ba ta lalacewa. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kwana guda bayan rahoton binciken BBC a kansa, tiramol kuma ya ci gaba da yawo a kasuwannin ƙauye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta masu shan ƙwaya a Arewa maso Yamma da kashi 12 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, kimanin mutum miliyan 3.