Iskokin Hauka da Tsoron Mai Mulki a Ƙasar Zabarma

Tun kafin Nasaran Faransa su ɗauke fadar mulkin Nijar daga Damagaram su mayar da ita Yamai a shekarar 1926, Gudel tsohon gari ne na Zabarmawa a gaɓar kogin Isa, mai gonakinsa da sarautarsa kamar Gamkale da Saga, a cikin ƙasar da al'ummarta ta gaji borinta na holey, inda zima yake shugabantar fage, mai goge da makaɗan ƙwarya suna kiran iskoki. Da birni ya taso a maƙwabtakarsu, sai ya zo da haraji, da aikin tilas, da gardi mai bulala, da hukuncin da kumandan yake yankewa ba alƙali ba shaida. Kuma wannan wani irin tsoro ne da kakanni ba su bar wa kowa maganinsa ba.

A wajajen 1925, a Cikal ta ƙasar Kurfai kusa da Filinge, wasu baƙin iskoki suka hau wata mata mai suna Shibo, waɗanda aka kira Hauka, ko Babule. Duk wanda suka hau, sai ya miƙe yana tafiyar soja, yana tsawa da gurɓataccen Faransanci, kumfa na zuba daga bakinsa, yana kama wuta da hannu ba ta ƙona shi. Wannan Gwamna ne, wancan Kofur, ga kuma Lokotoro mai allura. Mabiyansu suka ƙi haraji, suka bijire wa sarkin da Nasara ya ɗora musu, har kumandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kamo su, aka dake su, aka kulle a kurkuku. Abin da ya fi ba ni mamaki a dukan ƙissar shi ne, ba a jima ba shi ma ya shiga sahun iskokin da sunan Kumandan Mugu, yana hawan talakan da ya sha dukansa a bainar jama'a.

A 1936 Anna Freud ta wallafa littafi a birnin Biyana game da hanyoyin da nafsi take kare kanta daga firgici ba da sanin mai ita ba, inda ta bayyana cewa yaron da yake tsoron mai azabtar da shi yakan ɗauki muryarsa da ɗabi'arsa, domin ya fita daga matsayin wanda ake razanawa. A ganina ta bayyana rabin al'amarin ne kawai, domin ita mutum ɗaya ta duba a ɗakin likita, alhali a nan jama'a ce ta taru ta yi wa tsoronta suna da tufafi da kiɗa. Malamanmu sun hukunta borin Hauka da cewa shirka ne, suka yi nuni ga tawakkali da zikiri, kuma hujjarsu a fili take. Sai dai wajibi ne mai tarihi ya tambayi irin zaluncin da ya kai bayin Allah can.

'Yan ci-rani suka kai Hauka har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a 1954, wanda hukumar Ingila ta hana nunawa a ƙasashen da take mulka. An soke aikin tilas a 1946, Nijar ta sami 'yanci a 1960, amma iskokin ba su bi Nasara gida ba: zimammi sun karɓe su cikin dangin holey, kuma a ƙasar Zabarma aikin da aka fi neman su dominsa shi ne korar mayu.