Matsakaicin Gilashi da Gilashi Mai Faɗin Gani a Kamarar Dijital

Matsakaicin gilashi da gilashi mai faɗin gani nau'i biyu ne na gilashin da ake ɗaura wa kamarar dijital. Ana bambanta su da tazarar tattara haske, wadda ake aunawa da milimita. A kamara mai cikakkiyar sensa, wato milimita 36 da 24, gilashin milimita 50 shi ne matsakaici. Yana ɗaukar kusurwar kusan digiri 47, kuma hotonsa na kama da yadda idon mutum ke gani. Kamarar Leica I da aka fitar a Jamus a 1925 da irinsa ta zo.

Gilashin milimita 35 zuwa ƙasa shi ne mai faɗin gani. Na milimita 24 yana kaiwa kusan digiri 84. Ana amfani da shi wajen ɗaukar gine-gine, filaye da cikin ɗaki, sai dai yakan miƙe siffar abin da ke gefen hoto.

Girman sensa yana shafar zaɓi. A kamarorin Nikon da Sony masu ƙaramar sensa ta APS-C ana ninka tazarar sau 1.5, a na Canon kuwa sau 1.6, don haka gilashin milimita 35 yake zama matsakaici a kansu.