Yadda Akalar Idon Mutum-mutumi Ta Koma Hannun Sin

Mutum-mutumin da ke tafiya da kansa ba zai motsa ba sai ya san tazarar da ke tsakaninsa da abin da ke gabansa. Ɗaya daga cikin na'urorin da ke sanar da shi, wadda ake kira laida, tana harba hasken leza, ta lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan ta fitar da nisa. Tarihinta ya nuna cewa ƙirƙira kaɗai ba ta sa ƙasa ta tsaya da ƙafarta. Wanda ke iya ƙerawa da yawa kuma da araha, shi ke riƙe da akala.

Amurka ce mahaifarta. Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960 a ɗakin binciken Hughes, a 1971 kuma kumbon Apollo 15 ya auna tuddai da kwarurukan duniyar wata da haskenta. A 2005 motar Jami'ar Stanford ta lashe gasar motoci marasa direba ta hukumar DARPA, tana ɗauke da laida biyar ƙirar kamfanin SICK na Jamus. Ba a jima ba David Hall na kamfanin Velodyne ya fito da laida mai juyawa mai leza 64, amma kuɗinta ya kai kusan dala 75,000. Wannan tsada ce ta buɗe wa wasu ƙofa. Kamfanonin Sin biyu, Hesai na Shanghai da RoboSense na Shenzhen, da suka kafu a 2014, sun samu masana'antun motocin lantarki na gida masu saye da yawa, har farashi ya sauko zuwa 'yan ɗaruruwan daloli.

Wasu za su ce ai kwaikwayo ne kawai. Lalle Velodyne ya maka su a kotu a 2019, Hesai kuma ya amince ya biya kuɗin lasisi a 2020. Duk da haka kasuwa ba ta dawo hannun Velodyne ba, a 2023 kuma ya haɗe da kamfanin Ouster. Wasu kuma sun dogara da takunkumi, kamar yadda ma'aikatar tsaron Amurka ta sa Hesai cikin jerin kamfanonin da take zargi da alaƙa da sojan Sin a 2024. Damuwar tana da tushe, domin na'urar da ke zana taswirar tituna da tashoshin jiragen ruwa ta shafi tsaro. Sai dai takunkumi ba ya gina masana'anta. Duk yankin da ke son cin gashin kansa dole ya horar da injiniyoyi, ya kafa masana'antu, sannan ya samar musu da masu saye a gida.